Da wace riga za mu hau Mapo?

Duk shekara, da zarar an fara jin sanarwar bikin al'adun Ibadan a gidajen rediyo, sai wata tsohuwar gardama ta farka a nan Sabo. A teburin mai shayi take farawa bayan sallar isha'i, da safe ta bi ta rumfunan 'yan canji, kafin la'asar ta kai ƙofar fada. Tun muna yara gardamar ba ta sauya ba: mu Hausawan Badun, mene ne namu a cikin wannan hidima? Mu je ne, ko mu yi zamanmu? In kuma za mu je, a matsayin su wa?

Saboda waɗanda ba su daɗe da saukowa Kurmi ba, bari mu ɗan yi bayani. Masu shirya bikin su ne Majalisar Ƙoli ta 'Yan Asalin Ibadan, wadda kowa ya fi sani da CCII. Uwa ce ga tarin ƙungiyoyi da kulob-kulob na 'ya'yan garin, na gida da na waje, kuma mazauninta na Oke Aremo, a ginin da ake kira Gidan Ibadan. Ba gwamnati ba ce, ba kuma fada ba, amma da wuya a yi wani babban sha'ani a garin nan ba a ga hannunta ba. Ita ke tsara bikin shekara-shekara, da laccocinsa da kaɗe-kaɗensa da karrama 'ya'yan gari da suka yi fice. Ta daɗe tana fafutukar a yanka wa Ibadan jiharta. Tana cikin waɗanda suka tsaya har aka samu sabuwar fadar Olubadan a Oke Aremo, wadda aka buɗe a 2024, bayan dogon zamani yawancin sarakuna suna mulki daga gidajensu. In sarki ya rasu tana cikin masu karɓar gaisuwa, in za a naɗa sabo tana cikin masu ɗawainiya. Duk wanda ya ga cikar da aka yi a Mapo ranar 26 ga Satumba, 2025, ranar da aka miƙa wa Oba Rashidi Ladoja sandar mulki a matsayin Olubadan na 44, ya san girman abin da muke magana a kai.

To, a irin wannan rana ce tambayar ke tsaya mana a maƙogwaro.

Matasanmu, musamman waɗanda suka yi boko, maganarsu gajera ce kuma da zafi. Mun ji ɗaya daga cikinsu yana ce wa wani dattijo a majalisa: "Baba, a unguwar nan aka haifi kakana, aka haifi babana, aka haife ni. Yarbancin da ke bakina ya fi na wasu 'yan cikin gari. Amma ranar da na je neman takardar shaidar asali, ce mini aka yi in tafi garinmu. Wane garin? Sau biyu na taɓa zuwa Kano a rayuwata, can ɗin ma ɗan Kurmi suke ce mini. To in sa babbar riga in je in yi wa wa tafi?"

Dattijon bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Yaro, kai ba ka ga wuta ba shi ya sa. Wanda ya ga fuskarka ranar bikinsa, shi zai ɗaga wayarka ranar tashin hankali. Mu je a gan mu, mu gaisa, mu dawo. Baƙo ba ya zama da girman kai."

Aka yi ta ja-in-ja har mai shayi ya fara kife kofuna. Amma da muka dawo gida muka sake juya maganar, sai muka ga ashe su biyun a kan tabarma ɗaya suke zaune. Dukkansu sun yarda cewa zuwanmu Mapo wani irin haraji ne da baƙo ke biyan mai gari. Yaron yana ganin harajin ya yi tsada, tunda ba a ba shi komai ba. Dattijon yana ganin a biya a zauna lafiya. Mu kuma tabarmar ce gaba ɗaya ba mu yarda da ita ba, kuma dalilanmu ne muke so mu shimfiɗa a nan.

Mu fara da abin da ya fi ɗaci. Shin 'yan Ibadan sun zalunce mu ne don sun kafa ƙungiya ta 'yan asali zalla, ba mu a ciki? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai Sabon Gari a Kano tun zamanin Turawa. Akwai Yarbawa da Ibo da aka haifi iyayensu a can, suna jin Hausa kamar mu, wasu ma sun fi 'ya'yanmu na nan iya karin magana. Ranar hawan Daushe a ina suke tsayawa? In sun je neman takardar asali, me ake ce musu? In 'yan wata tsohuwar unguwa a cikin birnin Kano suka kafa ƙungiyar raya tarihin kakanninsu, ba wanda zai ce sun yi laifi don ba su sa sunan mutumin Sabon Gari a kwamiti ba. Mutane suna da haƙƙin su taru su tuna iyayensu. Wannan haƙƙi ba ya zama zalunci don kawai yau mu ne a bayan ƙofa.

Sai dai Kanon ta koya mana wani abu kuma. Akwai unguwar Ayagi a cikin birni, wadda asalinta fataken Yarbawa ne da suka zauna tun kafin zuwan Bature. Suka yi aure, suka bayar da aure, harshe ya juya, yau jikokinsu Kanawa ne, ba mai tambayarsu takarda. Wato ƙofar zama ɗan gari ba a rufe take har abada ba, sai dai kuɗin shigarta shi ne narkewa. Mu kuwa a nan Sabo, mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba mu taɓa son mu narke ba.

A 1916 aka keɓe wannan wuri kusa da Mokola aka ce Hausawa su koma. Kafin nan iyayenmu a cikin gari suke sauka, a gidajen Yarbawa. Turawa da hakiman gari suna son a tara baƙi wuri guda, ƙarƙashin shugaba ɗaya da za a riƙa tambaya in wani abu ya faru. Wannan rabin labarin ke nan, shi ne kuma rabin da muka fi son bayarwa. Ɗaya rabin shi ne, keɓewar ta yi mana rana. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma, fataucin goro da na shanu ya buɗe irin buɗewar da ba a taɓa gani ba. Irin wannan ciniki kuwa amana ce jarinsa. Mutum ya taso da garke tun daga Arewa, ya sauka gidan mai gida a Sabo, a ba shi ɗaki da abinci, dillalan gidan su sayar wa mahauta bashi, mai gida ya tsaya a kan kuɗin har su fito. Huhun goro ya kama hanyar Arewa ba takardar lauya, ba banki, sai kalmar mutum da tsoron jin kunya a unguwa. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne kowa ya san kowa, harshe ɗaya, masallaci ɗaya, alƙalanci a gaban Sarki. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanmu a 1969, kuma jigon littafin ke nan: Hausawan Sabo sun ƙara riƙe Hausancinsu ne da gangan, domin shi ne katangar kasuwarsu. Har ya kawo yadda ɗarikar Tijjaniyya ta game unguwar a farkon shekarun 1950, da yadda aka daina bin Juma'a a babban masallacin gari aka tsayar da ita a nan.

Ba muna zagin wannan katanga ba ne. Ita ta ciyar da kakanninmu, ita ta sa har yau ɗan Sabo yake buɗe baki ya yi Hausa bayan sama da shekara 100 a tsakiyar ƙasar Yarbawa. Abin da muke cewa, magina biyu ne suka ɗora ta, ɗaya daga waje, ɗaya daga ciki. Wanda ya taya ginin katanga, in ya zo kukan an bar shi a bayanta, ya kamata ya sassauta murya kaɗan.

Wani zai ce, to shi ke nan ai, kun ba dattijo gaskiya: mu baƙi ne, mu je mu durƙusa mu dawo. A'a. Domin in aka buɗe tarihin da ita kanta majalisar 'yan asalin take bikinsa duk shekara, abin da ke ciki ya fi haka faɗi.

Ibadan ta yau ba ta kai shekara 200 ba. Wajen 1829 ta tashi a matsayin sansanin yaƙi, bayan rugujewar tsohuwar daular Oyo da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. Mayaƙan Oyo da na Ife da na Ijebu, da 'yan gudun hijira daga garuruwan da aka ƙone, su suka taru a kan waɗannan tuddai. Kusan kowa daga wani wuri ya zo. Shi ya sa garin bai da gidan sarauta guda ɗaya da ake cewa sai jininsa. Tsani suka kafa, layi biyu, na Otun da na Balogun, kowanne da matakala sama da ashirin. Mutum ya fara da shugabancin gidansu, a ɗaga shi zuwa Jagun, daga nan ya yi ta hawa duk lokacin da na gabansa ya kau, in Allah ya ba shi tsawon rai ya kai kan karaga. Oba Ladoja ya taka matakin Jagun a 1993. Ya yi sanata, ya yi gwamnan jihar Oyo, amma duk wannan bai sa ya tsallake ko mataki ɗaya ba, sai da ya jira shekara 32. Mu da muka san yadda rigimar gadon sarauta ke raba gari biyu a wasu wurare, wannan abu ne da ya kamata mu tsaya mu kalla da idon basira, ko da ba a gayyace mu ba.

Yanzu ku saurari sunan matakin farko na wannan tsani: Mogaji. Magaji ke nan, kalmarmu, ta shiga bakin Yarbawa ta zauna har ta zama tubalin sarautar garinsu. Haka Seriki, daga Sarki. Ba a iska waɗannan kalmomi suka zo ba, mutane suka kawo su. Tun ƙarni na 19 akwai Hausawa a garin nan, fatake da malamai, da kuma bayi masu yawa, abin da ba mu cika son tunawa ba. Su ne masu kula da dawakin manyan mayaƙa, su ne wanzamai, su ne masu tufkar igiya. Da yawansu sun narke a cikin gidajen iyayen gijinsu, jikokinsu yau 'yan asali ne da ba su ma san da wannan ba. Mu ma bakinmu cike yake da aron da muka yi: akawu, agogo, ashana, har da ankon da matanmu ba sa biki sai da shi. In ana lissafin gadon Ibadan, akwai zaren Hausa a cikin saƙar, ko an ambace shi a lasifika ko ba a ambata ba.

Amma mu yi hattara da wannan hujja, don tana da santsi. Kasancewar kalmarmu a cikin sarautarsu bai ba mu kujera a majalisarsu ba, kamar yadda agogo bai ba Bayerabe sarautar Galadima ba. Abin da ya nuna shi ne tsakaninmu da garin nan akwai tsohuwar cuɗanya, wadda ta girmi haraji, ta girmi takardar asali, ta girmi Nijeriyar ma kanta. Kuma cuɗanyar ba duka ce mai daɗi ba. A cikin abin da 'yan Ibadan suka fi alfahari da shi akwai yaƙin Osogbo, wajen 1840, inda suka tare dawakin Ilori suka hana su nausawa kudu. In maroƙansu suka ɗauko wannan kirari muna zaune, dole mu iya saurara ba tare da mun tsargu ba. Tarihinsu ne, kuma haka ya faru.

To in ba haraji ba ne, mene ne zuwa Mapo?

Amsar tana cikin gidajenmu. Maƙwabcinka ya yi haihuwa, ka je suna. Ba kai ka haifa ba, ba za a sa wa yaron sunanka ba, ba ka da gado a gidan. Ka je ne saboda abin farin ciki ya samu mutumin da katangarku ɗaya, kuma rashin zuwanka magana ce, mai nauyi ma kuwa. Ba wanda ya taɓa kiran zuwa suna fadanci. Ba wanda ya taɓa cewa, tunda ba a sa ni cikin masu rabon gado ba, ba zan je jana'iza ba. Mun san bambancin mai zuwa gaisuwa da maroƙi, ko da ƙofa ɗaya suka shiga: ɗaya ya je ba da wani abu ne, ɗaya ya je karɓa. Zumunta a ƙafa take, haka muke faɗa kullum, amma da an zo kan Yarbawa sai mu mai da ita lissafin riba da faɗuwa. Addininmu ya yi dogon bayani a kan haƙƙin maƙwabci, bai kuwa ce sai wanda kuke yare ɗaya ba. Garin da ya ba kakanninmu wurin shimfiɗa buzu, muka sha ruwansa, muka binne iyayenmu a ƙasarsa, in ya yi ranar murna, zuwanmu haƙƙi ne da ke wuyanmu. Mai sauke haƙƙi kuwa ba ya tafiya a sunkuye.

Nan ne muka rabu da dattijo, duk da mun san daga inda maganarsa ta fito. Wanda ya ga Sasa a watan Fabrairun 2021 ba zai raina tsoro ba. Daga 'yar hatsaniya a kan kayan gwari da suka zube a bakin wani shago, aka rasa rai, kafin a ankara kasuwa ta kama da wuta, an kashe mutane ta kowane ɓangare, mata da yara sun cika gidan Sarkin Sasa suna neman mafaka, har sai da gwamnoni suka taso daga Arewa suka zo suka zauna da Gwamna Seyi Makinde. A ranakun nan, gaskiya ne, duk wanda yake da lambar wani Mogaji ko wani Baale a wayarsa ya ga amfaninta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma mutumin da yake zuwa gidanka don kawai yana tsoron ranar da zai buƙace ka, kana ganewa. Gaisuwarsa daban take, zamansa a bakin kujera yake, idonsa na kan ƙofa. Yarbawa ba yara ba ne, sun san wannan kamar yadda muka sani. Zumuncin da aka ƙulla don tsoro kaɗai, ranar da wutar ta tashi da gaske shi ne farkon tsinkewa, domin dama ba wanda ya ɗauke shi da nauyi. Waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu a irin waɗannan ranaku, ta kowane ɓangare, ba don an taɓa ɗaukar hoto tare a wajen taro suka yi ba. Sun yi ne don shekara da shekaru ana cin abincin sunan juna.

Akwai kuma malamanmu, da suke ɗaga wani yatsa daban, kuma yatsan yana kan gaskiya. Cikin al'adun garin nan akwai abin da Musulmi ba zai sa ƙafa ba. Bikin Oke'badan yana da tushe a bautar dutse. Dodannin Egungun, da Oloolu da ake cewa mace ba ta ganinsa, ba namu ba ne, ba kuma za su zama namu ba. Wannan ba ya buƙatar doguwar muhawara: ba ma zuwa, ba ma kuma tsayawa a hanya muna zagi. Sai dai kada mu fake da wannan mu yi watsi da komai. Ibadan gari ne mai ɗimbin Musulmi, da limamansa da malamansa da makarantunsa, Olubadan na yanzu ma Musulmi ne. Dubban 'yan asalin garin suna jan wannan layi da muke ja, su halarci lacca da karramawa da gaisuwar sarki, su kauce wa abin da ya saɓa wa imaninsu, ba wanda ya kore su daga zama 'yan gari. In Alhajin Oja'ba ya iya bambancewa, Alhajin Sabo ma zai iya.

Shi kuma yaron, kukansa na gaskiya ne, adireshin ne ya ɓata. Abin da ya hana shi takarda ba a Oke Aremo aka rubuta shi ba. Yana cikin tsarin mulkin 1999, wanda a sashe na 318 ya fassara zama ɗan jiha da cewa sai iyayen mutum ko kakanninsa sun fito daga al'ummar da take 'yar asalin jihar. Tsarin mulkin nan dai shi ne ya ce kada a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, ya kuma ba shi damar mallakar fili a ko'ina. Wannan karo da juna shi ke cin yaranmu a nan, shi ke cin yaran Yarbawa a Kano da Kaduna, shi ya sha jawo zubar da jini a Jos. Yaƙi ne da ya cancanci a yi shi, da katin zaɓe, da kansila, da ɗan majalisa, da haɗa kai da sauran waɗanda abin ya shafa. Ƙin zuwa Mapo ba zai matso da takardar ko taku ɗaya ba. Abin da zai yi kawai, ya tabbatar wa masu cewa zuciyarmu ba ta nan cewa sun yi gaskiya.

Shin ma ƙarya suka yi? Wannan ita ce tambayar da muka fi jin nauyin rubutawa. Mu duba inda kuɗin Sabo yake tafiya. Mutum ya yi shekara arba'in yana canji ko yana kara, ya gina bene a garinsu wanda ba ya kwana a ciki sai sati biyu a shekara, amma kwatar ƙofar gidan da yake kwana kullum ta toshe tun bara, yana jiran gwamnati. Makarantun da yaranmu ke zuwa, mu nawa ne muka taɓa leƙa taron iyaye? Baƙo raɓa ne, in ji masu magana, kuma mun riƙe wannan karin maganar kamar wani lasisi. Raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba, ai ta zama rijiya, sai a yi mata murfi a share bakinta. Abin da ya fi burge mu game da majalisar 'yan Ibadan ba gangunan ba ne. Mutane ne da suka ɗauki garinsu a matsayin aikin da ke kansu: lauya da farfesa da ɗan kasuwa su bar harkokinsu su zauna taro a kan fada, a kan jiha, a kan wa za a karrama bana. Mu a nan, in ba rasuwa ko rikici ba, yaushe rabon da manyanmu da 'yan bokonmu su zauna a kan Sabo ita kanta?

Ga kuma batun tarihi. Tun farkon ƙarni na 20 Isaac Akinyele ya rubuta tarihin Ibadan da Yarbanci, mutumin da daga baya ya zama Olubadan a 1955. Yaron Ibadan zai nuna maka Zauren Mapo ya ce an buɗe shi a 1929, ya nuna maka Hasumiyar Bower a kan Oke Are, ya lissafo maka Oluyole da Ogunmola da Latosisa. Yaron Sabo fa? A tambaye shi sarakunan unguwar nan daga na farko zuwa na yau, a ga inda zai tsaya. A tambaye shi gidajen manyan masu gida na zamanin goro, waɗanda fatake ke sauka, wanne ne wanne. Littafi mafi shahara a kanmu baƙo ne ya rubuta shi, da Turanci, kuma a cikinmu waɗanda suka taɓa riƙe shi ba su da yawa. Tsofaffin da suka ga zamanin da ake loda huhu a jirgin ƙasa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, Allah ya jiƙansu, kowanne ya tafi da nasa kundin a ka. Saboda haka in mun hau Mapo muka ji kamar ba mu da abin cewa, ba don an hana mu magana ba ne kaɗai. Hannu rabbana muke zuwa. Mai zuwa suna yakan riƙe wani abu, ko goro ne ƙwarya ɗaya, mu kuwa abin da ya kamata mu riƙa shi ne labarin abin da unguwar nan ta zuba a cikin garin nan: naman da ya ciyar da shi shekara da shekaru, kasuwar da ta haɗa manomin goro na Kurmi da mai ci a Sakkwato da Barno, malaman da suka karantar, da kalmar Mogaji. Ranar da muka tattara wannan muka rubuta, da Hausa da Yarbanci, muka kai Gidan Ibadan muka ce ga namu kason na tarihin garinku, zaman zai sauya ko kujerar ba ta sauya ba.

Saura maganar riga, wadda ita ma an taɓa ta a majalisa, har aka yi dariya. Wani ya ce in za a je a yanki ankon bikin kamar kowa, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya ai sai ka nemi taka. Wani ya ce shi da ya sa ashoke gara ya zauna a gida. Mu dai muna ganin babbar rigarmu da hularmu sun isa, a wanke a goge, a tafi da yawa, a tafi da matasa, kada a bar wa Sarki da 'yan rakiyarsa su kaɗai kamar wani aikin ofis. Wanda kuma ya ga ankon ya yi masa, ya ɗinka, ba a kansa aka fara ba, matanmu sun riga shi da shekaru.

Yaron nan bai ce zai je ba, har yanzu. Amma a daren da aka yi gardamar, da dattijon ya fara ba da labarin yadda mahaifinsa ke saukar fatake talatin a gida ɗaya, da yadda ake yayyafa wa goro ruwa a sake masa ganye kafin a ɗaure, mun ga ya zaro waya ya danna ɗaukar murya ya ajiye a kan benci. Dattijon ya kalli wayar ya ce, "Wannan kuma na mene ne?" Ya ce, "Ci gaba kawai, Baba." Ba su kai ƙarshe ba aka ɗauke wuta, mai shayi ya ce zai rufe. Sun yi da shi za su ƙarasa ranar Alhamis, in Allah ya kai mu, a zauren gidan dattijon, kuma an ce duk mai tsohon hoto ko takardar ciniki ta zamanin iyaye ya zo da ita.